Tsagin Kaskadiya da haɗarin girgizar ƙasa

Tsagin Kaskadiya doguwar mahaɗa ce tsakanin faifan ƙasa biyu (manyan ɓangarorin ɓawon duniya masu motsi a hankali) a ƙarƙashin tekun Fasifik, daura da gaɓar arewa maso yammacin Amurka da kudu maso yammacin Kanada. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,000, daga arewacin tsibirin Vancouver zuwa Cape Mendocino a arewacin Kalifoniya. A nan ne faifan Juan de Fuca, da ƙananan faifai biyu da ke gefensa, Gorda da Explorer, ke kutsawa ƙarƙashin faifan nahiyar Amurka ta Arewa da gudun santimita 3 zuwa 4 a shekara.

Yadda ƙasar ke aiki

Faifan da ke ƙarƙashin teku ya fi na nahiya nauyi, shi ya sa idan suka yi karo shi ke nutsewa. Idan ya yi zurfi sosai, zafi da matsi kan tilasta masa sakin ruwan da ke cikin duwatsunsa, ruwan kuma ya sa dutsen da ke samansa ya narke ya taso. Daga nan aka samu jerin duwatsu masu aman wuta na yankin: Baker, Rainier, St. Helens, Hood da Shasta. St. Helens ya fashe ranar 18 ga Mayu, 1980, ya hallaka mutum 57.

Babban haɗarin dai yana kusa da gaɓa, inda faifan biyu suka cije da juna suka ƙi zamewa. Bakin nahiyar yana lanƙwashewa a hankali, shekara bayan shekara, kamar bakan da aka ɗana aka ƙi sakewa. Ranar da ya kuɓuce, bakin zai yi tsalle zuwa teku ya ɗaga ruwan da ke kansa, gaɓa kuma ta nutse da mita ɗaya ko biyu cikin mintuna kaɗan. Irin wannan mahaɗa ce ta haifar da girgiza mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa, mai maki 9.5 a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa, a Chile a 1960, haka ma ta Alaska a 1964, ta Sumatra a 2004 da ta Japan a 2011.

Girgizar 1700

Har zuwa shekarun 1980, masana da yawa sun ɗauka cewa tsagin yana zamewa ne sumul, tunda babu wata gagarumar girgiza a rubutaccen tarihin yankin. Shirun ne ya yaudare su, domin tarihin da ke hannunsu gajere ne ƙwarai.

A 1987 Brian Atwater, masani a hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya buga sakamakon tonon da ya yi a bakin kogunan jihar Washington. Ya tarar da tsofaffin fadamu a binne a ƙarƙashin laka, wasu da siririn yashin teku shimfiɗe a kansu, alamar ƙasa ta nutse farat ɗaya sannan igiyar ruwa ta biyo. A bakin kogin Copalis akwai matattun itatuwa da har yau suke tsaye, waɗanda ruwan gishiri ya kashe. Da David Yamaguchi da abokan aikinsa suka ƙirga zoben shekarun da ke cikin saiwoyinsu (itace kan ƙara zobe ɗaya kowace shekara), sai suka ga zobe na ƙarshe na 1699 ne, wato jim kaɗan bayan nan itatuwan suka mutu.

Ragowar hujjar daga ƙetaren teku ta zo. A Japan, jami'ai da 'yan kasuwa sun rubuta cewa a watan Janairun 1700 igiyar tsunami ta afka wa garuruwan gaɓa, alhali ba wanda ya ji ƙasa ta motsa. A 1996 Kenji Satake da abokansa suka lissafa tafiyar igiyar da baya, suka gano cewa ta taso daga Kaskadiya wajen ƙarfe 9 na daren 26 ga Janairu, 1700, daga girgiza mai kimanin maki 9. Ya kamata a faɗa cewa 'yan asalin yankin ba su taɓa mantawa ba. Al'ummar Huu-ay-aht na da labarin daren hunturu da ƙasa ta girgiza, teku ta cinye ƙauyen da ke Pachena Bay. An daɗe ana ɗaukar irin wannan labari tatsuniya, kuma hakan bai dace ba.

Laka da ke ƙarƙashin teku, wadda Chris Goldfinger na jami'ar jihar Oregon ya nazarta, ta nuna manyan girgiza kusan 40 cikin shekaru 10,000, kimanin rabinsu sun tsaga tsagin daga farko har ƙarshe. Tazarar ba ta da tsari: wani lokaci ƙarni biyu ko uku, wani lokaci kusan shekara dubu.

Abin da ake fargaba

Girgiza mai maki 9 kan ɗauki mintuna uku zuwa biyar, igiyar farko kuma za ta iya isa gaɓa cikin minti 15 zuwa 30. Saboda haka ake koya wa mazauna gaɓa cewa girgizar kanta ita ce gargaɗi: da zarar ta lafa, a nufi tudu da ƙafa, kada a jira sanarwa. Inda babu tudu, sai a gina shi. A 2016 aka buɗe makarantar firamare ta Ocosta a Westport, jihar Washington, mai rufin da aka ƙarfafa domin mutane su hau su tsira.

Biranen Seattle, Portland da Vancouver suna nesa da bakin buɗaɗɗen teku, amma suna da tsofaffin gine-ginen bulo marasa ƙarfe, da gadoji da aka gina tun kafin a san da haɗarin. Ƙasa mai yashi da ruwa kan koma kamar ruwa idan aka jijjiga ta, kuma a kan irin wannan ƙasa, a bakin kogin Willamette, rumbunan da ke ajiye kusan kashi 90 cikin 100 na man fetur ɗin jihar Oregon suke zaune.

Akwai kuma girgizar da ke tasowa daga cikin faifan da ya nutse, kamar ta Nisqually mai maki 6.8 ranar 28 ga Fabrairu, 2001. Tun 2021 tsarin ShakeAlert ke aika gargaɗi ta wayar salula a Oregon da Washington, daƙiƙoƙi kaɗan kafin jijjigar ta iso.