Dai-kotin: Wuƙar da ke Mayar da Kati ya Zama Kwali

Duk mai sana'ar da ta gaji da ƙulla turaren wuta ko yajin daddawa a farar leda, ta ce bari ta yi wa kayanta kwali mai suna da lambar waya, sai ta ci karo da kalmar "dai" a maɗaba'a. Mai aikin zai lissafa mata kuɗin zane, da na kati, da na bugu, sannan ya ce, "Hajiya, saura kuɗin dai." A nan ciniki yakan cije, domin da yawa gani suke yi wani ƙari ne aka ƙirƙiro don a tatse su. Alhali kuwa a duk lissafin nan, shi ne abin da zai sa kwalin ya tsaya da gindinsa ko ya karkace.

Dai wani allo ne na katako da aka dasa wa siraran wuƙaƙen ƙarfe, aka lanƙwasa su daidai da siffar abin da ake son fitarwa. Dai-kotin kuwa shi ne danna wannan allo a kan kati ko takarda da ƙarfin inji, siffar ta fita a bugu ɗaya. Kamar dai yadda ake kifa bakin kofi a kan kwaɓin fulawa a fitar da shi a zagaye, sau ɗari ma in aka yi, girmansu ɗaya. Babban injin yanka takarda da ake gani a kowace maɗaba'a, mai saukar da doguwar wuƙa a kan tulin takardu, miƙaƙƙen layi kaɗai ya iya. Littafi, kalanda, fosta, duk ya wadatar. Amma da zarar aiki ya zo da kusurwa mai lanƙwasa, ko kunne, ko taga, ko harshen da zai shige cikin wata kafa, to aikin ya fi ƙarfinsa.

Mai son ya gane abin da idonsa ya nemi kwalin ganyen shayi ko na maganin zazzaɓi da ya ƙare. Ya bi gefen da aka manne da gam, ya ɓamɓare shi a hankali, ya shimfiɗa a kan tebur. Zai ga ashe kati ɗaya ne tak: fuskoki huɗu a jere, sai wani siririn kunne a ƙarshe inda gam ya zauna, sama da ƙasa kuma ga ƙananan kunnuwa da murfi mai harshe. In ya shafa da yatsa, zai ji wasu layuka sun lotsa ta fuska, sun kumburo ta baya, ba a yanke su ba. In ya ƙura ido a bakin katin, zai ga wasu 'yan ƙananan tsinaye nan da can, inda aka bar wuƙar da ɗan giɓi da gangan don kada kwalin ya faɗo daga jikin takardar tun yana cikin inji. Duk wannan, da yankan da lotsawar, a dannawa ɗaya aka yi su.

Allon kansa abin kallo ne. Katakon irin mai hawa-hawa ne, kaurinsa yakan kai milimita 18. Ana tsaga masa hanyoyi, a da da ƙaramin zarto, yanzu galibi da injin leza, sai a lanƙwasa ƙarfen a cusa shi cikin tsagar da guduma mai taushin kai. Wuƙar yankan kwalin kati tsayinta milimita 23.8 ne, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. A gefen kowace wuƙa ana manna guntayen roba mai laushi. Aikinsu shi ne, in inji ya danna ya ɗaga, su tunkuɗo katin kada ya maƙale a tsakanin wuƙaƙe. Dai ɗin da robarsa ta mutu, kowane bugu sai an tsaya an zaro kati da hannu.

Sai ƙarfe na biyu, wanda a ganina ya fi wuƙar muhimmanci, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Shi ba shi da kaifi, bakinsa a dasashe yake, kuma ya ɗan gaza wuƙar tsawo. Shi ne ke yin kari, wato layin da kwali zai ninku a kai. Yakan tura katin cikin wani ɗan kwari da aka manna a ɗaya farantin injin, kuma faɗin kwarin da zurfinsa dole su dace da kaurin katin. In kwarin ya matse, fuskar kati ta tsage, farin ciki ya leƙo ta tsakiyar launi. In ya yi faɗi, karin ya yi sanyi, kwali ya ninku duk inda ya ga dama, murfi ya ƙi haɗuwa. Abokin ciniki ba zai ce "karin nan bai yi ba", abin da zai ce shi ne kayan nan kamar na jabu.

A nan Zariya akwai abin da ke ƙara wa kari wahala, wato hunturu. Kati yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in iska ta bushe ƙayau, katin yakan yi tauri ya riƙa fashewa a kan ninki, musamman in an yi masa bugu mai duhu ko'ina, irin baƙi ko shuɗi mai cizawa. Da damina kuma, a watan Agusta, matsalar juyewa take yi: kati ya yi laushi ya bankare, wuƙa ta riƙa jan zare maimakon yanka tsaf. Shi ya sa ƙwararru ke barin kati a rufe cikin ledarsa har ranar aiki, kuma suke ba da shawarar a shafa wa bugun siririyar leda kafin a kai shi dai, don tana riƙe fuskar. Akwai kuma maganar kwanciyar zaren kati. Kowane kati yana da ɓangaren da ya fi saurin lanƙwasuwa, kuma in aka jera kwalaye a kan takarda ba a kula da wannan ba, don kawai a samu guda ɗaya ƙari a kowane falle, sai a samu kwali mai ciki kumbure.

Sana'ar ba daga wajen masu bugu ta faro ba. A tsakiyar ƙarni na 19 masu ɗinkin takalma a Amurka da Turai ne suka fara ƙera ƙarafa masu siffar tafin takalmi don su riƙa fitar da fata iri ɗaya, maimakon bin kowace da wuƙa. Dukawan Zazzau ba za su yi mamakin wannan ba, don su ma suna da ƙarafan huda da na fitar da ado a jikin fata. Shigowarta harkar kwali kuwa kuskure ne ya jawo. Robert Gair, haifaffen Sikotland mai masana'antar jakunkunan takarda a birnin Niyok, a shekarun 1870 ana buga masa jakunkunan zuba irin shuka sai wani ƙarfen da ke cikin injin ya goce, ya yanka takardun maimakon ya lotsa su. Daga nan ya gane cewa in aka jera ƙarfe mai kaifi da marar kaifi a allo ɗaya, za a yanka a kuma yi kari lokaci guda. Kwalin da ake kawowa a shimfiɗe, a ninka shi a wurin zuba kaya, daga nan ya samo asali. A 1940 kamfanin Bobst na ƙasar Suwizalan ya fitar da injin da ke ciyar da kansa da kati, kuma har yau irinsa manyan masana'antun kwali ke amfani da shi.

Zariya ta daɗe da sanin bugu. Nan aka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945, ga kuma maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Sai dai al'adar garin ta littafi da jarida ce, aikin miƙaƙƙen yanka. Neman kwali da sitika masu siffa ya ƙaru ne da yawaitar masu sana'a a gida da ke tallar kayansu a WhatsApp da Instagram: masu kilishi, dambun nama, garin kunu, sabulun gyaran jiki, humra. Saboda haka ba kowace maɗaba'a ce ke ƙera dai ba. Sau da yawa aikawa ake yi wurin maƙeransa a manyan cibiyoyin bugu irin su Shomolu a Legas, a jira ya iso. Wanda ya kawo aikin kwalin rabon biki saura kwana uku ɗaurin aure, ya shirya jin "sai dai haƙuri."

Injinan da ke wannan aiki a ƙananan maɗaba'unmu yawanci iri biyu ne. Akwai tsofaffin Heidelberg na Jamus, waɗanda asalinsu na bugu ne, aka cire musu robobin tawada aka mayar da su na yanka. Akwai kuma mai buɗe baki yana rufewa, wanda ake sa masa kati da hannu falle-falle. Wannan na biyun ba ya son wasa ko hira, don ƙarfin da zai ratsa kati ba zai tsaya tambayar yatsa ba.

Kafin a fara, akwai aikin da abokin ciniki ba ya gani. Mai inji zai ɗaura dai, ya buga falle ɗaya, ya ɗaga shi sama ya duba. Kusan kullum za a samu inda ya yanke da inda bai ratsa ba. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi gaba ɗaya, don hakan dakushe wuƙa yake yi. Sai ya zaro allon, ya yayyanka siririn tef, ya manna a bayan daidai wurin da ya yi rauni, ya mayar, ya sake bugawa. Haka zai yi ta yi har ko'ina ya fita daidai. Wannan saitin yakan ci lokaci da 'yan fallaye, kuma wahalarsa ɗaya ce ko kwali 200 za a yi ko 20,000.

Daga nan ne lissafin kuɗin yake fitowa. A ƙaddara, don misali kawai, dai da saitinsa sun ci naira 40,000. Mai kwali 200 kowane ɗaya ya hau mata da naira 200 kafin a yi maganar kati da tawada. Mai kwali 4,000 kuwa naira 10 ce. Don haka in mai maɗaba'a ya ce, "Hajiya, ki ƙara yawa," ba lallai son kuɗi ba ne. Mai farawa da ɗan jari tana da hanyoyi biyu da suka fi mata sauƙi. Ta tambaya ko akwai tsohon dai a ajiye da girmansa ya yi kusa da kayanta, a yi zane a kansa. Kwalaben turare da sabulai girmansu bai cika bambanta ba, kuma babu mai saye da zai auna. Ko kuma, in sitika ce ko 'yan samfura kaɗan, ta je wurin masu injin yanka na kwamfuta, wanda ƙaramar wuƙa ke bin zane ba tare da allo ba. Ba shi da sauri, amma babu kuɗin dai. A aikin sitika ne ake yin yankan sama-sama, wuƙa ta ratsa fuskar mai gam ta bar takardar baya lafiya, a riƙa ɓarewa ɗaya-ɗaya. Wuƙa mai haƙora kuma ita ke yin ɗigo-ɗigon da ake yagewa a littafin rasit da tikiti. Manyan katan-katan na taliya da sabulu, su akan yanka wasunsu a kan dai mai siffar ganga, yana juyawa kati na wucewa.

Akwai tambayar da ya kamata a yi tun ranar biya: dai ɗin na wa ne? In an biya kuɗin ƙera shi cikakke, a yi magana a fili, a rubuta a rasit, cewa in an dawo karo na biyu ba za a sake biya ba, kuma mai shi na iya ɗauka in ya so. Allo ɗaya, in an ajiye shi inda ba laima ba tsatsa, yakan yi aiki sau da yawa kafin ya dakushe.

Zane kuwa bayan dai yake zuwa, ba gabansa ba, kuma nan ne matasa masu zane da manhajar CorelDraw suka fi tuntuɓe. A fara auna kwalbar ko sabulun, a fitar da taswirar yanka da kari, sannan a zuba hoto da rubutu a kai. Launi ya zarce layin yanka da kamar milimita 3, don kati yakan ɗan gusa a inji, in ba haka ba farin zare ya fito a baki. Rubutu shi ma ya ja baya daga wuƙa da kari. Lambar NAFDAC, da ranar haɗawa da ta lalacewa, kada su faɗa kan murfin da za a yage ko kunnen da zai shige ciki. Kunnen gam a bar shi babu leda babu tawada mai yawa, don gam ba ya kama santsi. Katin ma a faɗi nauyinsa: takardar fotokofi giram 70 zuwa 80 ce a kowace murabba'in mita, kwalin kirki kuwa daga 250 zuwa 350 yake, kuma dai ɗin da aka saita wa ɗaya ba zai yi wa ɗaya kari mai kyau ba sai an sake saiti.

Kafin a buga dubu, a nemi guda ɗaya fari, ko da hannu aka yanka shi, a kan ainihin katin da za a yi aikin da shi. A sa kayan a ciki, a rufe, a girgiza, a buɗe a sake rufewa. In kwalba tana rawa ko murfi yana buɗe kansa, a gyara awon a kwamfuta tun ba a lanƙwasa ƙarfe ba.