Gwamnan Jihar New York Ba A Birnin New York Yake Zaune Ba

Da yake mun saba da Kano, Katsina da Sakkwato, inda sunan jiha da na babban birninta ɗaya ne, mutane da yawa sun ɗauka haka abin yake a Amurka. Ina! Fadar mulkin jihar New York tana Albany ne, wani gari a bakin kogin Hudson, can arewa, tun shekarar 1797.

Ginin majalisar dokokin ma abin kallo ne. An soma shi a 1867, ba a gama ba sai 1899, kuma ba shi da ƙubbar nan da aka san irin waɗannan gine-gine da ita. Da duwatsu aka yi shi, an sassaƙa fuskokin mutane a jikin babbar matakalarsa. Ofishin gwamna yana ciki, gidan da yake kwana kuwa yana nan cikin garin.

Kalifoniya ma haka, Sacramento ce hedikwatarta, ba Los Angeles ba. A zamanin doki da jirgin ruwa, garin da wakilan karkara za su iya kaiwa ake dubawa, ga kuma tsoron kada attajiran manyan birane su mallake gwamnati.