Rarrabuwar jam'iyyu da tabbatar da alƙalan Kotun Ƙolin Amurka

Tabbatar da alƙalan Kotun Ƙoli a Amurka aiki ne na Majalisar Dattawa. Shugaban ƙasa ke zaɓo mutum, amma ba ya hawa kujera sai sanatoci sun amince da shi. Har zuwa tsakiyar shekarun 1990, yawancin waɗanda aka gabatar sukan wuce da ƙuri'un jam'iyyun biyu, Rifablikan da Dimokurat. Daga 2006 zuwa yau kuwa lamarin ya koma ƙidayar kawuna: wanda ya san yawan sanatocin kowace jam'iyya zai iya faɗin sakamakon tun ba a zauna tantancewa ba.

Yadda tsarin yake

Sashe na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa alƙalan tarayya bisa shawara da amincewar Majalisar Dattawa, mai sanatoci 100, biyu daga kowace jiha. Tun 1869 alƙalai tara ne a Kotun Ƙoli, kuma ba su da wa'adi: alƙali na kan kujera har ya mutu, ko ya ajiye da kansa, ko a tsige shi. Najeriya ta ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka, amma a nan akwai bambanci, domin a Najeriya Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke ba da suna, alƙali kuma yana ritaya a shekara 70. A Amurka babu wannan shinge, shi ya sa kujera ɗaya kan iya juya alƙiblar shari'a na shekara talatin.

Kwamitin Shari'a na majalisar ne ke fara yi wa mutum tambayoyi a bainar jama'a, abin da ya zama al'ada tun 1955, sannan zauren majalisa ya kaɗa ƙuri'a.

Lokacin da ake duba cancanta

Ba wai a da babu rigima ba ne. Tun 1795 majalisar ta ƙi John Rutledge, wanda George Washington ya gabatar. Ta kayar da mutum biyu na Richard Nixon, shugaba ɗan Rifablikan, a jere, Clement Haynsworth a 1969 da Harrold Carswell a 1970. Sai dai a waɗannan biyun har da 'yan Rifablikan da dama cikin masu ƙi, 'yan Dimokurat na Kudu kuma cikin masu so. Layin faɗan bai bi layin jam'iyya ba.

Fahimtar da ake da ita a lokacin ita ce, shugaban da ya ci zaɓe yana da haƙƙin kawo mai irin ra'ayinsa, muddin mutumin ya san aiki kuma babu tabo a jikinsa. Antonin Scalia, wanda kowa ya san riƙaƙƙen mai ra'ayin mazan jiya ne, ya samu ƙuri'a 98 a 1986, ba wanda ya ƙi shi. Ruth Bader Ginsburg, lauyar da ta yi suna wajen kare haƙƙin mata, ta samu 96 da 3 a 1993. A waɗannan mutum biyu babu wanda ya ɓoye aƙidarsa, kuma sanatocin da ba sa ra'ayinsu sun zaɓe su ido buɗe.

Bork da Thomas

A 1987 Ronald Reagan, shugaba ɗan Rifablikan, ya gabatar da Robert Bork. Ranar da aka sanar da sunansa Sanata Edward Kennedy ya miƙe a zauren majalisa ya yi masa kaca-kaca, yana cewa Amurkar da Bork ke so za ta mayar da mata da baƙar fata baya. Ƙungiyoyi suka sayi talla a talabijin kamar ana yaƙin neman zaɓe. Bork ya faɗi da ƙuri'a 42 da 58. Har yau 'yan Rifablikan na cewa a nan aka fara ɓata ruwa. 'Yan Dimokurat kuma na cewa an saurare shi, an kaɗa masa ƙuri'a, har 'yan jam'iyyarsa shida sun ƙi shi. Anthony Kennedy, wanda ya samu kujerar daga baya, ya wuce da 97 ba hamayya.

Clarence Thomas, wanda shugaba ɗan Rifablikan George H. W. Bush ya gabatar, ya sha da ƙyar a 1991, da 52 da 48, bayan Anita Hill ta zarge shi da cin zarafi a wurin aiki, zargin da ya musanta. Abin lura shi ne majalisar tana hannun Dimokurat a lokacin, kuma 11 daga cikinsu suka zaɓe shi. Tun daga ranar, babu wani alƙalin Kotun Ƙoli da majalisar da ke hannun 'yan adawa ta sake tabbatarwa.

Yadda ƙuri'un suka tsuke

John Roberts ya zama alƙalin alƙalai a 2005 da 78 da 22, 'yan Dimokurat sun rabu biyu daidai. Bayan wata huɗu Samuel Alito ya samu 58 da 42, huɗu kacal daga Dimokurat. A zamanin Barack Obama, 'yan Rifablikan tara suka zaɓi Sonia Sotomayor a 2009, biyar suka zaɓi Elena Kagan a 2010.

Daga nan sai aka taɓa ƙa'idar majalisar kanta. Akwai dabarar jan muhawara da ake kira filibasta, wadda ba a iya katse ta sai da ƙuri'a 60. Ma'anarta, a da marasa rinjaye na iya tare naɗi idan sun kai 41. 'Yan Dimokurat sun yi amfani da ita a 2003 kan wasu mutanen George W. Bush, irin su Miguel Estrada. 'Yan Rifablikan suka rama a kan na Obama. A Nuwamban 2013 jagoran masu rinjaye Harry Reid, ɗan Dimokurat, ya soke sharaɗin 60 ga alƙalan ƙananan kotunan tarayya. A Afrilun 2017 Mitch McConnell, jagoran 'yan Rifablikan masu rinjaye a lokacin, ya ƙarasa aikin, ya soke shi ga Kotun Ƙoli, domin Neil Gorsuch ya wuce da 54 da 45. Sharaɗin nan shi ne kaɗai ke tilasta wa shugaba neman wanda wasu 'yan adawa za su iya haɗiyewa, kuma jam'iyyun biyu ne suka haɗu suka rushe shi, kowace a lokacin da ta ga riba.

Kujerar da Gorsuch ya hau tana da nata tarihin. Scalia ya rasu a Fabrairun 2016, Obama ya gabatar da Merrick Garland a watan Maris. McConnell ya ce shekarar zaɓe ce, a bar jama'a su yanke hukunci. Ba a kira Garland gaban kwamiti ba, ba a kaɗa masa ƙuri'a ba, har sunansa ya faɗi bayan kwana 293. Da Ginsburg ta rasu ranar 18 ga Satumban 2020, majalisar nan dai ta tabbatar da Amy Coney Barrett ranar 26 ga Oktoba, saura kwana takwas zaɓe, da 52 da 48, babu ɗan Dimokurat ko ɗaya. Hujjar McConnell ita ce a wannan karon fadar shugaban ƙasa da majalisa suna hannun jam'iyya ɗaya. Hujjar da kanta ta nuna inda aka kai: abin da ke yanke hukunci shi ne wa ke riƙe da majalisa.

Tsakanin Gorsuch da Barrett, Brett Kavanaugh ya wuce a 2018 da 50 da 48 bayan Christine Blasey Ford ta zarge shi da cin zarafi, zargin da ya musanta. Joe Manchin ne kaɗai ɗan Dimokurat da ya zaɓe shi. Ketanji Brown Jackson, baƙar fata mace ta farko a kotun, ta samu 53 da 47 a 2022, da 'yan Rifablikan uku: Susan Collins, Lisa Murkowski da Mitt Romney.

Dalilai

Babban tushen abin shi ne jam'iyyun sun tace kansu. A da Dimokurat na da masu ra'ayin mazan jiya daga jihohin Kudu, Rifablikan na da masu sassauci daga Arewa maso Gabas. Bayan dokar 'yancin farar hula ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965, fararen Kudu suka riƙa komawa Rifablikan sannu a hankali, har 'yan tsakiya suka kusa ƙarewa. A zaɓen 2016, duk jihar da aka yi takarar sanata, jam'iyyar da ta ci shugaban ƙasa a jihar ita ta ci kujerar. Sanatan da ke irin wannan jiha ba ɗan adawa yake tsoro ba, zaɓen fid da gwani yake tsoro. Richard Lugar na Indiyana, wanda ya zaɓi Sotomayor da Kagan, ya faɗi a fid da gwanin 2012 bayan fiye da shekara talatin a majalisa, kuma ƙuri'un nan na cikin abin da aka yi masa gori da su.

Ga kuma nauyin abin da kotun ke yankewa. Zubar da ciki, mallakar bindiga, auren jinsi, kuɗin kamfe, har da rikicin zaɓen shugaban ƙasa na 2000, duk a gabanta suka ƙare. Hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki, ya zama ma'aunin da ake auna kowane sabon alƙali, kuma a Yunin 2022 kotun ta soke shi, har da ƙuri'un alƙalai ukun da Donald Trump ya naɗa. Duk wanda ya ɗauki naɗin nan da zafi, bai yi kuskuren lissafi ba.

Shugabanni ma sun daina caca. John Paul Stevens da David Souter 'yan Rifablikan ne suka naɗa su, amma suka ƙare a ɓangaren masu sassauci. Don gudun maimaituwar haka, ƙungiyar lauyoyi ta Federalist Society, wadda aka kafa a 1982, ta zama matattarar da ake zaƙulo amintattu, har Trump ya fitar da jerin sunaye tun yana kamfe a 2016. Tun da Kagan ta gaji Stevens a 2010, rabuwar aƙida a kotun ta yi daidai da jam'iyyar shugaban da ya naɗa kowane alƙali.

Shawarwarin gyara

A 2021 Joe Biden ya kafa kwamitin masana don nazarin kotun, a 2024 kuma ya goyi bayan wa'adin shekara 18, ta yadda kowane shugaba zai naɗa biyu a zango ɗaya. Wasu 'yan Dimokurat sun nemi a ƙara alƙalan zuwa 13. Majalisa na iya sauya adadin da doka, amma wa'adi, a ganin masana da yawa, sai an gyara kundin tsarin mulki, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu da amincewar jihohi 38.