Fodkas: Ba Duk Zama Gaban Makirfo Ba Ne

Kalmar da ta cika bakin samarin unguwannin Aboabo da Asawase na birnin Kumasi a 'yan shekarun nan ita ce fodkas, wadda Turawa ke rubutawa podcast. Duk wanda ya sayi makirfo biyu masu soso a kai, ya dasa su kan tebur, ya kunna shuɗiyar fitila a bayansa, to ya zama mai fodkas. Mai gabatar da shiri a gidan rediyo yana magana kai tsaye, layukan waya a buɗe, wani Alhaji daga Tafo yana kan layi yana kukan kwatar unguwarsu ta toshe, sai ka ji an ce "barkanku da kasancewa tare da mu a wannan fodkas". Lokacin kamfen na 2024 kuwa abin ya wuce gona da iri. Ɗan takara zai naɗi saƙon murya ya jefa a zauren WhatsApp na unguwa, yaransa su bi gida-gida da waya wai a saurari fodkas ɗin Onarabul.

Na rediyon da na Onarabul ko kusa ba fodkas ba ne. Na masu shuɗiyar fitila kuwa, za mu zo kansu.

Kalmar ba ta tsufa ba. Wani ɗan jarida mai suna Ben Hammersley ne ya fara rubuta ta a jaridar Guardian ta Ingila a watan Fabrairun 2004, yana laluben sunan da za a ba wani sabon abu da ya ɓullo a intanet. Ya ɗauki rabin sunan iPod, ƙaramar na'urar jin waƙa da kamfanin Apple ya fitar a 2001, ya liƙa masa wutsiyar kalmar Ingilishi ta watsa shirye-shirye. A 2005 Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye gurbi a manhajarsa ta iTunes, daga nan sunan ya kama. Ita na'urar an daina ƙera ta tun 2022, kuma yawancin masu kiran sunan a Kumasi ba su taɓa riƙe ta ba.

Abin da sunan yake nufi hanyar isar da shiri ce. Ana naɗar murya, a ajiye ta a intanet kashi-kashi ƙarƙashin suna ɗaya, mai sauraro ya yi rajista sau ɗaya, duk sanda sabon kashi ya fito wayarsa ta kawo masa, ya sauke, ya ji lokacin da ya ga dama. Rediyo kamar famfon unguwa yake, ruwa na zuwa a lokacinsa, in ba ka nan da bokiti sai ka jira gobe. Fodkas kuwa ruwan da ka riga ka tara a randa ne. Dattawanmu sun fi kowa sanin wannan bambanci, ko da ba su san kalmar ba. Tun ranar 31 ga Yulin 1935 da Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Akra, wadda ke kai shirye-shiryen BBC cikin gidaje ta waya zuwa wani akwati da ba a iya canza masa tasha, mai sauraro ne ke bin agogon rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, mako guda cif bayan Gana ta sami 'yancin kai, kuma har yau akwai tsofaffi a Zongo da ba a yi musu magana da asuba in Landan ta buɗe. Saboda haka shirin da ake yi kai tsaye a Zuria FM rediyo ne. In an naɗe shi, aka jera shi a inda za a riƙa saukewa kowane mako, sannan ya zama fodkas. Saƙon Onarabul kuwa saƙon murya ne, tunda ba shi da kashi na biyu, sai dai in zaɓe ya sake zagayowa.

Na san dalilin da 'yan siyasa ke son kalmar. Rediyo sai da lasisin NCA, hukumar kula da sadarwa ta Gana, kuma kowa ya ga yadda aka rufe wasu tashoshi a Akra a 2019 kan batun lasisin. Fodkas ba ya bukatar mita, ba ya bukatar hasumiya, ga shi kuma sunan yana ƙamshin wayewa.

To, masu fitila. Gaskiya ko a Amurka kalmar ta saki jiki. Tun da manyan masu hira irin su Joe Rogan suka fara ɗora zamansu a YouTube, miliyoyin mutane suka ɗauka fodkas shi ne mutum biyu da makirfo da kyamara. Ba ni da rigima da kyamarar. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda a wajenmu ma'anar ta tsuke ta koma zaman gulma kaɗai: wa ya saki matarsa, wane malami ya yi wa wane raddi, wace 'yar TikTok ta zagi wace. Awa biyu ana surutu, sai a yanko minti ɗaya inda aka ɗaga murya a watsa. Abin da aka ƙirƙira domin kunne ya zama abin kallo, kallon ma na mutane a zaune.

Alhali masu sauraro na gaskiya suna nan, ba wanda ya kula da su. Ka shiga shagon ɗinki a Sawaba da rana. Waya tana cikin kofin silba don ƙarar ta fito, wata murya daga Kano tana karanta littafin soyayya kashi na talatin da wani abu, keken ɗinki uku suna tafiya. In aka zo inda kishiya ta shigo ɗaki, sai kekunan su tsaya gaba ɗaya, ba wanda ya ce a tsaya. Haka mai dafa wake da shinkafa da ke tashi tun ƙarfe uku na dare, haka direban Pragya, babur mai ƙafa uku, da ke jiran fasinja. Na nuna wa ɗan ƙanwata, wanda yake cikin masu fitila, na ce ga abin da ya fi kusa da fodkas a duk unguwar nan. Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, wannan ai odiyo ne. Ina bidiyonsa?" Na ce masa, "Yaro, kunne ya girmi kaka." In za a bi ƙa'ida, shi ma karatun littafin da ake turawa daga waya zuwa waya ta manhajar Xender bai cika sharaɗi ba, tunda babu rajista. Amma yana da kashi-kashi, yana da masu jiransa, kuma hannu na aiki ake jin sa.

Samarin nan dai su ne ke kwana kallon fina-finan jarumai masu tashi sama, don haka bari in ba su misali daga gidansu. Superman ya fara fitowa a mujallar zane a 1938. A lokacin ba ya tashi, tsalle yake yi mai nisa. A watan Fabrairun 1940 aka mayar da shi wasan kwaikwayo na rediyo a Amurka, galibi minti 15 kowane kashi, aka yi ta yi har 1951, kashi fiye da 2,000. A rediyo tashi sama ba ya cin ko kwabo. A saki ƙarar iska, wani ya yi ihu a dubi sama, shi ke nan yaro a ɗaki ya ga mutum ya keta gajimare. Mai yin muryarsa, Bud Collyer, ba shi da riga da zai canza. Yana magana da siririyar murya a matsayin ɗan jarida Clark Kent, sai a tsakiyar jimla ya sauke ta zuwa ƙasan ƙirji, mai sauraro ya san an rikiɗa. Dutsen nan kiriftonait da ke karya ƙarfinsa, wanda duk yaron da ke kallon fim ya sani, a rediyo jama'a suka fara jin sa a 1943, bai shiga mujallar ba sai 1949. A 1946 shirin ya ɗauki kashi 16 yana fafatawa da wata ƙungiyar masu wariyar launin fata da aka ƙera a kan Ku Klux Klan, ƙungiyar masu ƙin baƙar fata ta Amurka, a zamanin da ba kowa ke iya taɓa su ba. Da aka zo yin fim ɗinsa da mutane a 1948 kuwa, abin ya gagara: duk inda zai tashi sai a sauya ɗan wasan da zanen katun, ya sauka a bayan dutse ko mota, mutum ya fito. Shekara takwas ke nan rediyo yana tashi da shi ba tare da kowa ya yi dariya ba.

Yau wasu fina-finan jarumai na kamfanin Marvel suna lashe fiye da dala miliyan 300 kafin a gama su. Babu mai wannan kuɗi a Kumasi, babu a Kano. Amma abin da Collyer ya yi da maƙogwaronsa, kakanninmu mata sun yi shi a tsakar gida: Gizo da tsamin bakinsa, Ƙoƙi da muryarta, kura da gurnaninta, duk daga baki ɗaya, tsakanin "ga ta nan ga ta nanku" da "ƙurunƙus". Maƙwabtanmu Asante suna da nasu Ananse, shi ma gizo-gizo ne mai wayo. Gajeren labari ma ya samu gurbi a kunne, domin tun 2016 BBC Hausa ke gasar Hikayata ta mata marubuta, ana karanta labaran da suka yi fice a iska. Ga kuma lissafin data, wanda ya fi komai taɓa aljihu: awa ɗaya na murya bai cika wuce megabait 30 zuwa 60 ba, na bidiyo kuwa ɗaruruwa ne.

Abin da ban ji ba har yanzu shi ne labari da Hausarmu ta Zongo. Duk littafin da ake ji a shagunan ɗinkin nan na Kano ne ko Kaduna, a can ake auren, a can ake sakin. Wasu ma yanzu muryar inji ce ke karantawa, ba ta san hawa da saukar magana ba, sai ta mayar da gari na zama ya koma garin tuwo. Ga fataken goro da suka yi ta safara tsakanin Kano da Gonja, ga yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya tarwatsa 'yan kasuwa zuwa Kete-Krachi da Kintampo da sauran garuruwa, ga waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi da ya rasu a 1934, ga labarin kowane gida na yadda kakansu ya sauka a Kumasi. Ayari mai jakuna ɗari a rediyo ɓawon kwakwa ne guda biyu da ƙararrawa. Kuɗin kyamara da fitila da ɗan ƙanwata ya kashe sun isa a sallami marubuci da masu murya huɗu na tsawon watanni. Waya ɗaya ta isa naɗi, a ɗaki mai katifa da labule don murya kada ta yi amsa-kuwwa, bayan isha'i in masallatai sun kashe lasifika. Fanka dai dole a kashe ta, ko da a zafin watan Maris ne.