Modul a Harshen Python

Modul fayil ne da ake tara umarnin kwamfuta a cikinsa domin wasu shirye-shirye su ɗauka su yi aiki da shi, maimakon a riƙa kwafar umarni iri ɗaya daga wannan fayil zuwa wancan. A Python, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta da Guido van Rossum ya fitar a 1991, duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .py modul ne, ba sai an yi masa rajista ba.

Misali, a buɗe fayil mai suna awo.py a rubuta:

def zuwa_mita(kilomita):
    return kilomita * 1000

A wani fayil da ke folda ɗaya da shi sai a rubuta import awo, ba tare da .py ba. Daga nan awo.zuwa_mita(3) zai ba da 3000.

Abin da ya fi rikita masu koyo shi ne import ba leƙa fayil kawai yake yi ba. Gudanar da shi yake yi tun daga layin farko har na ƙarshe. Idan an bar layin gwaji a fili, kamar print, umarnin da ke nuna rubutu a allo, rubutun zai fito a allon duk wanda ya shigo da modul ɗin. Maganinsa a sa gwajin ƙarƙashin layin if __name__ == "__main__": domin Python na ba __name__ ƙimar "__main__" ne kawai idan an gudanar da fayil ɗin kai tsaye; idan shigo da shi aka yi, ƙimar takan zama sunan modul ɗin, wato awo. Modul mai kyau bayyana ayyuka yake yi, ya bar wanda ya shigo da shi ya kira su.

Suna ma na jawo matsala. Python kan fara neman modul a foldar shirin da ake gudanarwa kafin ya duba sauran wuraren da ke jerin sys.path, wato jerin wuraren da yake neman modul, don haka wanda ya sa wa fayil ɗinsa random.py ya rufe modul ɗin Python mai wannan suna, ayyukansa su ɓace. Karan ɗori (-) kuma ba ya shiga sunan modul, domin Python zai ɗauke shi alamar ragewa. Idan aka ga saƙon kuskure na ModuleNotFoundError, galibi fayil ɗin ba ya cikin wuraren da ake nema.

Sau ɗaya ake loda modul a kowane zama, a ajiye shi a sys.modules, inda Python ke riƙe duk modul ɗin da aka loda. Wanda ya gyara fayil ɗin alhali Python na buɗe ba zai ga canjin ba sai ya sake kunna Python ko ya kira importlib.reload, aikin da ke sake loda modul.