Kwana Uku a Gidan Uba: Waiwaye Kan Auren Rumawa

Duk sanda aka tayar da zancen raguwar haihuwa a Italiya da sauran Turai, sai wani ya jawo tsohuwar Rum, ya ce matanta ne suka samu sake dare ɗaya, gida ya watse. Ana yawan ambaton labarin matan Sabin, maƙwabtan Rum, da aka sace, da Lukreshiya wadda mutuwarta ta kawo ƙarshen sarauta a shekara ta 509 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga nan sai a tsallaka zuwa dokokin Agustus, mai mulkin daular Rum, na shekara ta 18 kafin haihuwar Annabi Isa, masu tauye gadon gwauraye.

Abin da ake mantawa yana cikin Alluna Goma Sha Biyu, dokokin da aka rubuta wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa. A wancan zamani, in mutum ya riƙe akuya ko tukunya shekara guda ba mai jayayya, ta zama tasa. Haka aka ɗauki matar aure. Ta cika shekara a ɗakin miji, ta fita daga ikon ubanta, ta shiga nasa, ita da duk abin da ta mallaka. To amma dokar ta bar ƙofa: in ta kwana uku a jere a waje kowace shekara, lissafin ya lalace, sai a sake daga farko. Masanin shari'a Gayus ya ruwaito wannan ƙarnuka bayan haka.

Ba yaji ba ne, kada mu ruɗe. Ba a yi faɗa ba, ba biko. Ta ɗauki 'yan kayanta, ta je gidan uba, rana ta huɗu ta dawo. Kuma a ganina ba don tausayinta aka buɗe ƙofar ba. Dangi ne ba sa son gonarsu da bayinsu su bi 'yarsu zuwa wani gida.

Sannu a hankali wannan irin aure, da mace ba ta shiga ikon miji, ya mamaye gari. Uba ya rasu, 'ya ta gaji rabonta, miji ba shi da hannu a ciki, sai dai waliyyi da aka naɗa mata. Shi ya sa a shekara ta 195 kafin haihuwar Annabi Isa matan Rum suka tare hanyoyin dandali har aka soke dokar da ta hana su riƙe zinariya fiye da rabin oza. Terenshiya, matar Sisero, fitaccen ɗan siyasar Rum, da kanta take juya dukiyarta.

Lokacin da Agustus ya zo, ladan da aka yi wa macen da ba a taɓa bautar da ita ba, mai 'ya'ya uku, shi ne a cire mata waliyyin.