Ɗakin karatun masu haƙar dalma a ƙauyen Leadhills: tambayoyi da amsoshi

Ina ne Leadhills, kuma me ya sa ake maganar ɗakin karatunsa?

Ƙauye ne a kan tsaunukan kudancin Sikotilan, wanda sunansa ma ke nufin "tuddan dalma". A 1741 masu haƙar ma'adinai na ƙauyen suka kafa ƙungiyar karatu, kowa yana biyan kuɗin shiga da na shekara, ana sayo littattafai ana ba juna aro. Shi ake ɗauka mafi tsufa a Birtaniya cikin irin ɗakunan karatun da mambobi ke ɗaukar nauyinsu da kansu. Dutsen da suke fasawa don fitar da dalma kuwa shi ne wanda muke niƙawa mu yi tozali.

Lebura mai aikin rami ina ya ga lokacin karatu?

Nan labarin yake. Mai kula da ma'adinan a lokacin, James Stirling, masanin lissafi ne. Ya rage wa ma'aikata lokacin aiki a ƙarƙashin ƙasa zuwa awa shida a rana, domin ƙurar dalma guba ce mai cin jiki sannu a hankali. Sauran yinin ya zama nasu. Wasu suka yi noma a ɗan filin bayan gida, wasu suka rungumi littafi. William Symington, wanda ya yi suna wajen ƙera injin tururi na jirgin ruwa, ɗan wannan ƙauye ne.

Yaya ginin yake?

Wanda ya zo neman ƙasaita zai wuce shi bai sani ba. Ginin da ke tsaye yau na 1791 ne: ƙasa ɗaya, ba bene, bangon dutse, kamar gidajen leburorin da ke kewaye da shi. A ciki akwai kantocin littattafai jikin bango, da wani mumbari na katako inda shugaban ƙungiya ke zama ya jagoranci taro. A ganina wannan mumbari ya fi duk wani ado faɗin yadda mutanen suka ɗauki abin: ba wasa ba ne, zama ne mai doka da oda, kuma wanda ya lalata littafi tara ke hawansa.

Shi kaɗai ne a yankin?

A'a. Maƙwabtansu na Wanlockhead sun kafa nasu a 1756, wanda yanzu yake ƙarƙashin gidan tarihin haƙar dalma na ƙauyen.

Me ya rage a Leadhills yanzu?

An daina haƙar dalma tun a ƙarni na 20, amma littattafan suna nan, tare da kundayen kamfani da ke ɗauke da yarjejeniyar aikin da aka ƙulla da ƙungiyoyin leburori: wane rami za su haƙa, a kan nawa. Masu aikin sa kai na ƙauyen ne ke kula da wurin, suna buɗe wa baƙi ƙofa idan sanyi ya wuce.